Tocila Ƙarama, Aiki Babba: Abin Dubawa Kafin a Miƙa Kuɗi

A ƙarshen watan Oktoba na 2024, jihohi da dama na arewacin Najeriya sun shafe sama da mako guda cikin duhu. An lalata turakun babban layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da aka jingina da shi, wanda ya biyo ta Ugwuaji zuwa Apir a jihar Binuwai, shi ma ya samu matsala. Mutanen Nijar sun riga mu ɗanɗana irin wannan. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 Najeriya ta katse wutar da take sayar musu, wadda ita ce kaso mafi tsoka na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba a mayar ba sai a watan Maris na 2024. Waɗannan su ne ɗauke wutar da suka shiga labarai. Na yau da gobe, wanda ake yi mutum na tsakiyar cin tuwon dare, ba mai ɗaukarsa labari. Ga kuma waɗanda ba a taɓa kafa turken wuta a garinsu ba: a 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 85 ne layin lantarki bai kai gare su ba.

A irin wannan ƙasa tocila tana cikin kayan gida na dole, sahu ɗaya da buta da tsintsiya. Da ita dattijo yake ratsa lungu mai kwata zuwa sallar Asuba. Da ita uwa take neman cokalin magani idan jaririnta ya farka da zazzaɓi. Manomin rani da layin ban ruwa ya zo kansa bayan isha'i, da ɗan sintiri, da makaniken da ya kwanta ƙarƙashin mota, da ɗalibin da jarrabawa ta ƙarato masa, kowannensu da irin buƙatar da yake da ita gare ta.

Duk da haka, mutumin da zai yi mako yana tambaye-tambaye kafin ya sayi waya, tocila a tsaye yake saye. Mai shago ya kunna, ya haska rufin shago, hasken ya kashe masa ido, ya ce a sa masa a leda. Kafin damina ta wuce ta mutu, ya koma ya sayi wata irinta. A ganina wancan hasken na mintin farko shi ne mafi rauni a cikin ma'aunan da za a auna tocila da su. Abin da zai nuna ko kuɗinka ya tafi a banza shi ne batirin da ke cikinta, da ko ana iya canza shi idan ya mutu, da kuma ko tana da ƙaramin haske mai daɗewa.

Wani zai ce ai wayarsa tana da tocila. Gaskiya ne, kuma tun zamanin Nokia 1100 da ta fito a 2003 ƙaramin ƙwan nan na kan waya yake fitar da mutane kunya. Sai dai hasken babbar waya don ɗaukar hoto aka yi shi, yana bazuwa ne kusa, ba ya zuwa nesa, ba zai nuna maka abin da ke motsi a bakin garke ba. Kuma ranar da aka kwana uku babu wuta, cajin da kake ƙonawa wajen haska hanya shi ne wanda za ka buƙata don kiran mai mota idan haihuwa ta taso da tsakar dare. Wayoyi nawa ne suka faɗa kwata ko masai saboda an riƙe su a matsayin fitila? Tocila mai araha tana kare waya mai tsada.

Daga aci-balbal zuwa ɗigon rawaya

Waɗanda suka manyanta sun san aci-balbal da hayaƙinta, sun san fitilar ƙwai da wahalar gyaran lagwani da wanke gilashi kowace yamma. Sun kuma san tocilar ƙarfe mai manyan batira biyu, wadda ƙwanta ke da siririn zare a ciki, haskenta ja-ja, yana raguwa tun daga daren farko. Irin wancan ƙwai yawancin ƙarfin da yake sha zafi yake komawa, kaɗan ne ke zama haske, shi ya sa batir ba ya jimawa. Kuma da zarar tocilar ta faɗi ƙasa zaren ya tsinke.

Abin da ya sauya lamarin shi ne ƙwan LED, wanda ba shi da zare sam. A 1962 Nick Holonyak, injiniya a kamfanin General Electric na Amurka, ya ƙera mai bayar da jan haske. Shekaru kusan talatin masana suna neman mai shuɗin haske mai ƙarfi bai samu ba, sai a hannun Japanawa uku: Isamu Akasaki da Hiroshi Amano na Jami'ar Nagoya, da Shuji Nakamura na kamfanin Nichia, wanda ya fito da shi kasuwa a 1993. Su ukun aka ba kyautar Nobel ta fannin fiziya a 2014, kuma kwamitin da ya ba su ya ambaci mutane sama da biliyan ɗaya da rabi da ba su da lantarki a cikin waɗanda aikin zai amfana. Mu ke nan.

Idan ka leƙa cikin tocilarka tana kashe za ka ga ɗan ɗigo rawaya a tsakiya. A ƙarƙashinsa ƙwai ne mai shuɗin haske, rawayan kuma wani sinadari ne da aka shafa a kai, yana mayar da wani ɓangare na shuɗin zuwa rawaya, haɗuwar biyun ta ba ido fari. Tsohon ƙwai mai zare da ƙyar yake ba da lumen 15 a kowane wat ɗaya na wuta. LED mai kyau yana wuce lumen 100. Wannan ratar ce ta sa a shekarun 2000 matasa suka fara harhaɗa fitila da hannu, 'yan ƙwayayen LED a kan faifan CD da batira a akwatin katako, wadda jama'a suka laƙaba wa suna "Obasanjo ya kasa". Daga nan kananzir ya fara barin ɗakunanmu.

Lambar da ke jikin kwali

Lumen shi ne ma'aunin jimillar hasken da fitila ke fitarwa. Don a samu abin kwatance: tsohon ƙwan ɗaki mai wat 60 yana ba da kusan lumen 800. Tsohuwar tocila mai manyan batira biyu, wadda iyayenmu suka yi shekaru suna aiki da ita, ba ta wuce 'yan gommai ba.

Yanzu shiga Kasuwar Sabon Gari a Kano, ko ka duba shagunan intanet, za ka ga tocila mai tsawon tafin hannu an rubuta mata lumen 50,000, wata ma 100,000. Lissafi kaɗan ya isa ya ƙaryata wannan. Idan wat ɗaya yana ba da lumen 100 zuwa 150, to lumen 100,000 yana buƙatar wutar da ta doshi wat 1,000, wato abin da dutsen guga na lantarki yake sha. Babu batir ɗaya mai girman yatsa da zai iya ba da wannan, kuma da zai iya, tocilar ba za ta riƙu a hannu ba don zafi. Irin waɗannan tociloli, idan aka auna su, 'yan ɗaruruwa suke bayarwa. Haskensu ba laifi, amma kamfanin da ya yi maka ƙarya a kan kwali babu dalilin da zai sa ka yarda da shi a kan abin da ya ɓoye a ciki.

Ko a wajen kamfanonin da ba sa ƙarya akwai abin lura. Tun 2009 ake da wata ƙa'idar gwaji da aka tsara a Amurka mai suna ANSI FL1, kuma masu ƙera tocila na kirki suna buga tambarinta a kwali. A ƙarƙashinta ana auna haske ne jim kaɗan bayan an kunna, sannan ana ƙirga tsawon lokacin aiki har sai hasken ya ragu zuwa kashi 10 cikin 100 na yadda ya fara. Ke nan idan ka ga an rubuta lumen 1,000 da awa uku, ba ana nufin za ka yi awa uku da lumen 1,000 ba. Ƙaramar tocila ba ta da jikin da zai kwashe zafin wannan haske, don haka bayan 'yan mintoci da kanta take sauka ƙasa don kada ta ƙone. Wannan saukar ba matsala ba ce, alama ce ta cewa an yi mata kariya. A zafin bazara irin na Sakkwato ko Maiduguri, inda ma'auni ke haura digiri 40, saukar kan fi saurin zuwa.

To nawa mutum yake buƙata? Ido ba ya ƙirga haske yadda na'ura ke ƙirgawa. Sai an ninka lumen kusan sau huɗu kafin ya ga kamar an ninka sau biyu. A cikin ɗaki mai duhu, lumen 5 zuwa 10 sun isa a nemo magani ko a shayar da yaro ba tare da an tashi sauran masu barci ba. Lumen 30 zuwa 100 sun isa tafiya a lungu, girki, ko gyaran janareta. Lumen 300 zuwa 500 na lokacin da aka ji motsi ne a bayan gida. Kashi mafi yawa na aikin tocila a ƙananan matakan nan biyu ake yinsa, kuma a can ne batir ke kwana da kwanaki. Don haka tambayar farko ga mai shago ita ce ya nuna maka ƙaramin haskenta. Tocilar da ba ta da komai sai babban haske, da mai ƙyaftawa, da wani mai ƙyaftawar na neman ceto, an yi ta ne don ta burge mai saye a shago. Mafi muni ita ce wadda sai ka bi ta kan ƙyafce-ƙyafcen nan duka kafin ta mutu.

Batir shi ne tocilar

Ƙwan LED da wuya ya mutu kafin sauran jikin tocila. Idan ka tara matattun tociloli na unguwa guda ka buɗe su, galibinsu batir ne ya kashe su, ko makunni. Batiran da ake samu a kasuwanninmu iri uku ne, kuma kowanne da halinsa.

Na farko shi ne wanda ake yarwa idan ya ƙare. Masu araha a cikinsu, waɗanda ake samu a kowane teburin ƙauye, ba su da ƙarfin riƙe babban haske, kuma idan suka ƙare aka bar su a ciki sukan yi yoyo, ruwansu ya cinye sifirin da ƙarfen tocilar. Na alkalin sun fi ƙarfi da daɗewa, amma su ma suna yoyo, su bar farin gishiri a ciki. Darajar irin wannan tocila ɗaya ce, kuma babba ce: ba ruwanta da ko an kawo wuta. Wanda yake zaune inda caji sai an biya kuɗi a shagon mai janareta ko mai sola, ya fi masa alheri ya riƙe mai cin batir AA guda ɗaya ko biyu. Abin da zan ce a guje wa shi ne mai cin ƙananan AAA guda uku a cikin 'yar kwandon roba. Ukun nan da kaɗan suka fi AA guda ɗaya ƙarfi, ga su uku za ka riƙa saye, ga kwandon mai saurin karyewa. Wanda yake samun wuta jefi-jefi kuma zai iya sayen AA masu caji, irin Eneloop da kamfanin Sanyo ya fito da su a 2005, yanzu suna hannun Panasonic. Ana cajin su ɗaruruwan lokuta, ba sa yoyo irin na alkalin, kuma suna riƙe caji ko an ajiye su watanni.

Na biyu shi ne wanda ya fi yawa a gidajenmu: tocilar roba mai haƙora biyu a gindi da ake turawa kai-tsaye cikin soket. Da yawansu ɗan ƙaramin batirin darma ne a ciki, ɗan'uwan batirin mota. Irin wannan batir yana da abu biyu da ba ya jurewa, kuma rayuwarmu ta haɗa su duka. Idan aka shanye shi ƙarƙaf aka bar shi kwanaki ba caji, wani gishiri yakan daskare a farantansa, daga nan ba zai ƙara ɗaukar caji kamar da ba. Idan kuma aka bar shi a soket kwana da wuni, yawancin waɗannan tociloli ba su da abin da ke tsayar da caji idan ya cika, sai batirin ya bushe ko ya kumbura. Mu kuwa me muke yi? Muna amfani da ita har ta mutu saboda babu wuta, ranar da aka kawo kuma mu manta ta a bango. Ƙari a kan haka, cajarta ba ta da wata kariya daga wutar da ke hawa da sauka, shi ya sa kunna ta tana kan caji kan ƙone ƙwayayen nan take. Wanda ya riga ya mallaki irinta, ya riƙa yi mata caji tun kafin haskenta ya dushe, ya cire ta bayan awannin da aka rubuta a jikinta. Wanda bai saya ba tukuna, ya san cewa idan ya saya, ya sayi abin da ba zai daɗe ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Na uku shi ne litiyam, irin na waya da kwamfuta, kuma shi ne ya fi dacewa da wanda zai iya yin caji ko sau ɗaya a mako. Wanda aka fi sa wa tocila shi ne mai lamba 18650. Lambar girmansa ce: kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Mai kyau yana ɗaukar cajin da ya kai mAh 2,500 zuwa 3,500, kuma wannan shi ne kusan iyakar abin da manyan masu ƙera shi, irin su Samsung da LG da Panasonic, suke sayarwa. Duk 18650 da aka rubuta wa 8,800 ko 9,900 jabu ne, kuma sau da yawa abin da ke cikinsa bai kai na gaskiya mai 2,000 ba. Ana iya gane shi da nauyi. Na gaske yana kai wa giram 45 ko sama kaɗan. Jabu yakan zama shafal a hannu. Akwai kuma waɗanda aka ciro daga tsofaffin batiran kwamfuta aka sake musu riga. Wasu a cikinsu suna da sauran ƙarfi, amma a sayar maka da shi a matsayin tsoho, a farashin tsoho.

Batir mai mAh 3,000 yana riƙe da kusan wat 11 na awa guda. A babban haske mai shan wat 10 awa ɗaya ke nan. A lumen 30 kuwa zai yi sama da yini da kwana yana ci ba tsayawa, wanda ga mai kunnawa awa biyu kowane dare ya haura mako biyu. Wannan lissafin shi ne duk sirrin ƙaramin haske.

Litiyam yana da haɗarinsa, kuma bai kamata a ɓoye ba. Kada a sa shi tsirara a aljihu tare da makullai, domin ƙarfe na iya haɗa kansa da gindinsa ya kama da wuta. Wanda rigarsa ta yage, ko ya lotsa, ko ya kumbura, a daina amfani da shi. Kada a bar tocila a gaban gilashin mota cikin rana, kada a yi mata caji a kan katifa. Akwai kuma wani ɗan litiyam mai lamba 14500 wanda girmansa daidai da AA amma ƙarfinsa ya ninka fiye da sau biyu, bolt 3.7 maimakon 1.5, idan aka sa shi a tocilar da ba a yi ta dominsa ba zai ƙone ta.

A wajena sharaɗi mafi girma shi ne murfin tocila ya buɗu a ciro batir. Kowane batir mai caji yana tsufa. Wadda aka liƙe batirinta a ciki, ranar da ya mutu ita ma ta mutu, alhali ƙwanta da jikinta lafiya lau. Wadda ke buɗuwa sabon batir kawai take nema, kuma za ka iya ajiye na biyu cike don ranar da duhu ya yi tsawo. Idan tana da ƙofar caji ta USB-C a jiki, an dace, cajar waya ko ƙaramin sola ya wadatar. A gwada ta da wayar cajin da kake da ita tun a shago, domin wasu masu arahar ba sa karɓar caji sai da waya mai faffaɗan kai irin na da. Shi kuwa ɗan farantin sola mai faɗin yatsu biyu da ake mannawa a gefen wasu tociloli, wutar da yake tarawa ba ta taka kara ta karya ba, sai ya yi kwanaki a rana bai cika batir ba. Wanda yake son fitilar sola ta gaske ya nemi waɗanda suka ci gwajin VeraSol, shirin da ya samo asali daga Lighting Africa na Bankin Duniya da aka fara a 2007.

Jiki, makunni da launin haske

Jikin alminiyam ya fi na roba don yana jure faɗuwa, kuma yana janye zafi daga ƙwai. Kwance murfin gindi ka duba: ya kamata ka ga zoben roba a wuyansa, shi ne ke hana ruwa da ƙura shiga. Idan an rubuta IPX4, tana jure yayyafi da fantsamar ruwa. IPX7 na nufin za ta iya yin minti 30 a ruwa mai zurfin mita ɗaya. Wadda ba a rubuta mata komai ba, a ɗauka ba ta jure komai. Makunni kuma a danna shi sau da yawa a ji ko yana amsawa kowane lokaci, sannan a girgiza tocilar tana kunne. Idan hasken ya yi rawa, akwai abin da bai zauna ba a ciki, kuma ba gyaruwa zai yi a gida ba.

Masu kai mai ja da turawa, waɗanda ke tsuke haske har ya zama ɗan murabba'i a bango, suna da farin jini ƙwarai wajen matasa. Ban ga amfaninsu ga aikin yau da kullum ba. Idan aka tsuke su haske mai yawa yana ɓacewa a cikin kan, kuma ja da turawar nan tana zuƙo ƙura da laima. Tocila mai tsayayyen kai, wadda ke da haske mai ƙarfi a tsakiya da wani mai laushi kewaye da shi, ita ce ke nuna maka nesa da kuma inda ƙafarka za ta sauka a lokaci guda.

Launin haske ma abin dubawa ne, kodayake ba a cika kula da shi ba. Yawancin masu araha farinsu ya karkata zuwa shuɗi, wanda ake rubuta wa 6,500K. Yana burgewa a shago, amma yana gajiyar da ido wajen karatu, yana sauya kamar launuka, kuma a cikin hazon hunturu yana dawowa fuska. Mai lamba 4,000K zuwa 5,000K ya fi taushi. Mai tsintar wake da dare, da mai sayar da atamfa ko nama, da ma'aikaciyar lafiya da ke duba maƙogwaron yaro, duk za su ga bambancin. Wanda kuma aikinsa ke buƙatar hannu biyu, kamar makanike ko unguwarzoma ko mai ban ruwa, fitilar goshi ta fi masa, kuma duk abin da aka faɗa a kan batir ya hau kanta.

Damina da abin da ke cikin ciyawa

Akwai inda zancen tocila ya wuce na jin daɗi. Asibitin masu fama da saran maciji da ke Kaltungo a jihar Gombe yakan cika da majinyata a lokacin noma da girbi, kuma macijin da ya fi kai mutane can shi ne kububuwa. Ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, kuma da magariba da dare take fitowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci a 2017, kuma cikin shawarwarin da ake ba mutanen karkara har da sa takalmi rufaffe da riƙe fitila idan za a fita da dare. Yaron da aka aika bayan gida ko ɗauko itace a duhu da tocila mai mutuwa-mutuwa an sa shi cikin haɗari. A nan ba lumen dubu ake nema ba, haske ne mai faɗi wanda ba zai mutu a tsakiyar hanya ba, a riƙa haska taku biyu ko uku a gaba. Haka ma kunama a cikin takalmi ko ƙarƙashin tabarma.

Iyaye su kula da wani abu guda. 'Yan ƙananan tociloli na jikin makulli da na wasan yara suna cin batir mai kama da maɓalli. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu. Wannan ba abin jira a gani ba ne, asibiti ake nufa nan take.

Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin kayan waje bai zauna wuri ɗaya ba, don haka ma'aunin da ya fi tsayuwa shi ne na kwatance. Ƙaramar tocilar alminiyam mai batir 18650 na gaskiya za ta iya cin kuɗin ta roba uku ko huɗu, amma waɗancan huɗun za su mutu ɗaya bayan ɗaya ita tana nan. Wanda aljihunsa bai kai ba, mai cin AA ɗaya, mai matakin haske biyu, ta fi masa duk wata mai ƙyalƙyali. Bayan an saya, a cire batirin yarwa idan za a ajiye tocila fiye da 'yan makonni, a riƙa goge bakin batir da sifirin da busasshen ƙyalle, a kuma ware mata wuri ɗaya a ɗaki wanda kowa a gidan zai iya laluba a duhu. Matattun batira, musamman na darma, kada a jefa su a murhu ko kusa da rijiya, kada a bar yara su fasa su.

Wani zai ce ai laifin kayan Caina ne, amma zama kayan Caina ba shi ne aibin tocila ba. Fenix da Nitecore da Sofirn da Convoy, waɗanda masu sanin tocila a Turai da Amurka ke yabawa, duk a Caina ake ƙera su, kuma wasunsu ba su da tsada. Masana'antun can suna yin abin da ɗan kasuwa ya yi oda ne, a farashin da ya ce zai biya. Saboda haka kirana ga alhazanmu masu zuwa Guangzhou sayo kaya: ku kawo mana ƙaramar tocila mai buɗaɗɗen murfi, mai batir na gaskiya, mai ƙaramin haske, a rubuta mata lambar da take iya bayarwa. Hukumar SON, wadda alhakin ingancin kayan da ke shigowa ƙasa yake wuyanta, ta fara da batiran 18650 masu lambar 9,900, domin ba a buƙatar ɗakin gwaji kafin a san jabu ne.